Shawara: Na Daɗe Ina Yi wa Babana Addu'a, Har Yau Ban Ga Alama Ba

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Jos, asalinmu kuwa kudancin Gombe. Babana Musulmi ne. Mahaifiyata Kirista ce, ta rasu ina ƙarama, sai ƙanwarta ta ɗauke ni riƙo. A hannunta na tashi a cocin ECWA har na yi baftisma. Yayana da ƙannena da matar Baba ta haifa duk Musulmi ne. Tun da na san daɗin ceto nake yi musu addu'a, musamman Baba, amma har yau ban ga ko alama ba. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, tun daga lokacin barci ya ƙaurace mini, kullum ina tsoron kada a kira ni a ce ya cika bai karɓi Yesu ba.

Wata mama a Zumuntar Mata ta ce azumina ne bai isa ba. Wani baƙon mai wa'azi da ya zo mana kwanan addu'a ya ce in kawo hoton Baba da kuɗin “shuka iri”, ya kuma ba ni wani mai ya ce in riƙa ɗiga masa a abinci ba da saninsa ba. Man yana nan a jakata, ban taɓa shi ba. Na riƙa tura ayoyi kowace safiya a zauren WhatsApp na gidanmu, Yaya ya ce in bari, ban bari ba, ya cire ni. Aminiyata tun makarantar koyon jinya, ita ma Musulma ce, na ce mata ina addu'a Allah ya buɗe mata ido. Ta ce, “Au, ashe makauniya kike kallona?” Tun ranar gaisuwarmu ta koma sama-sama. Ga Babbar Sallah ta ƙarato, Baba ya aiko in zo. Mama, Allah ba ya jina ne? In ci gaba da addu'ar ko in haƙura? In je Sallar?

'Yarki a Jos

'Yata,

Man nan da ke jakarki, ki zubar da shi yau, kada ya kwana. Mutumin da rabin jikinsa ya shanye, wanda ba ya iya tashi ya ɗebo wa kansa ruwa, ya danƙa amanarsa ne a hannun duk wanda ya miƙo masa kwano. Ke da kike aikin asibiti kin fi ni sanin cewa ba a ba majinyaci abin da bai san da shi ba. Ki juya maganar ki gani: a ce matar Baba ce ta sa aka wanke allo, ta zuba miki rubutun a kunu a ɓoye don ki musulunta, ranar da kika gano wane suna za ki ba abin? To sunan nan ne Yaya zai ba naki, kuma da gaskiyarsa. Manzo Bulus ya ce shi da abokan aikinsa sun rabu da ayyukan ɓoye na kunya, ba sa tafiya da wayo (2 Korantiyawa 4:2). Inda Yakubu ya yi maganar shafa wa marar lafiya mai, cewa ya yi marar lafiyan da kansa ya kira dattawan ikkilisiya (Yakubu 5:14), wato a fili, da yardarsa. Batun kuɗin kuma, akwai wani Siman a Samariya da ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, ki karanta amsar da Bitrus ya ba shi a Ayyukan Manzanni 8:20. Ki kai wa fastonku labarin mai wa'azin nan, don ba ke kaɗai ya faɗa wa haka ba a daren.

Yanzu ga tambayar da ta fi ci miki rai. Allah yana jinki. Damuwar da ke hana ki barci ma ba baƙuwa ba ce a cikin Littafi Mai Tsarki. Bulus, wanda ya kafa ikkilisiyoyi daga Asiya Ƙarama har Makidoniya da Akaya, ya rubuta cewa yana da matuƙar baƙin ciki da ciwon zuciya marar yankewa saboda 'yan'uwansa na jini, har yana cewa da ma shi a raba shi da Almasihu in hakan zai amfane su (Romawa 9:2-3). A sura ta gaba ya ce muradin zuciyarsa da addu'arsa ga Allah shi ne su sami ceto. Mutumin nan ya san azumi, ya san addu'a, ya ga mu'ujizai da idonsa, duk da haka ya bar duniya yawancin danginsa ba su bi hanyarsa ba.

Ki dubi gidan Ubangijinmu ma. Markus 3:21 ya ce danginsa sun fito su kama shi, suna cewa ya zautu. Yahaya 7:5 ya faɗa ƙarara cewa ko 'yan'uwansa ba su gaskata da shi ba. Waɗannan mutane ne da suka tashi gida ɗaya da shi a Nazarat, suka ci tuwo kwano ɗaya, suka ga halinsa safe da yamma kusan shekara 30. Wa zai ce addu'ar Yesu ce ta gaza, ko azuminsa ne bai kai ba? Sai bayan tashinsa daga matattu muka gan su a ɗakin sama suna addu'a tare da almajirai (Ayyukan Manzanni 1:14), Yakubu ɗan'uwansa kuma ya zama jigo a ikkilisiyar Urushalima. Saboda haka mamar nan ta Zumuntar Mata, ki ci gaba da girmama ta, na tabbata da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ta ɗora miki kayan da ba naki ba. Azumi abu ne mai kyau, ki yi in jikinki da aikin dare sun bar ki. Sai dai ba farashi ba ne da za a ce kin biya rabi shi ya sa aka hana ki kaya.

Abin da nake so ki riƙe daga duk amsar nan shi ne, juya zuciyar mutum aikin Allah ne, ba a ba ki shi ba, ba a ba ni ba, ba a ba wani fasto ba. Yesu ya ce ba mai iya zuwa wurinsa sai Uba ya jawo shi (Yahaya 6:44). A bakin kogin Filibi mata da dama ne suka saurari Bulus, amma aka rubuta cewa Ubangiji ne ya buɗe zuciyar Lidiya. Bulus ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi ban-ruwa, Allah ne ya sa tsiro. Ke 'yar ƙasar noma ce, kin san manomin da yake tone rami kowace safiya don ya ga ko irin ya fashe, shi ne zai kashe shi da hannunsa. Ayar kullum a zauren gidanku, da maganar buɗe ido, da man nan, duk tonon rami ne. Tsoro ne ya kai ki, na sani. Amma tsoron ya sa kin ɗauki aikin Mai Ceto kin ɗora wa kanki, shi ya sa kika gaji haka.

Akwai wata mata da nake so ki sani, 'yar Afirka ce kamar mu. Sunanta Monika, mutuniyar Tagaste, garin da yau ake kira Souk Ahras a ƙasar Aljeriya. Mijinta Fatrisiyus ba mai bi ba ne, ga zafin rai, sai dab da mutuwarsa ya yi baftisma. Ɗanta Agustin, wanda ta haifa a shekara ta 354, yana ɗan shekara 19 ya shiga addinin Mani da ya taso daga daular Farisa, ya yi kusan shekara 9 a ciki. Da farko ta hana shi zama gida ɗaya da cin abinci tare da ita, daga baya ta sauko ta buɗe masa ƙofa. Ta je ta matsa wa wani bishop ya zauna da yaron ya kayar da shi da hujja. Bishop ɗin ya ƙi, ya ce yaron bai shirya saurare ba tukuna, ta ƙyale shi ta yi masa addu'a kawai. Da ta nace da kuka, ya sallame ta da cewa ɗan da ake zubar wa irin waɗannan hawaye ba zai hallaka ba. A shekara ta 383 Agustin ya shirya tafiya Roma, ta bi shi har bakin teku a Kartaj tana roƙon Allah kada ya bar shi ya tafi. Ya yi mata ƙarya ya shiga jirgin ruwa da dare. A idonta ranar, Allah ya ƙi addu'arta. Ashe a can Italiya, a birnin Milan, zai ji wa'azin Bishop Ambros, wanda ya yi masa baftisma a bikin Ista na shekara ta 387. A shekarar ta rasu a Ostiya, kan hanyarsu ta komawa gida. Agustin da kansa ya rubuta cewa Allah ya hana ta abin da ta roƙa a daren nan ne domin ya ba ta abin da ta daɗe tana roƙo.

Ana yawan ba da labarin nan a majami'u kamar alkawari ne, wai duk wadda ta yi kuka kamar Monika za ta ga abin da Monika ta gani. Ni ba zan gaya miki haka ba, don Allah bai ba ni wannan maganar in ba ki ba. Akwai iyaye mata masu bangaskiya da suka kwanta dama ba su gani ba. Mutumin nan mai dukiya da ya zo yana tambayar Yesu hanyar samun rai madawwami, Markus ya ce Yesu ya dube shi ya ƙaunace shi, kuma da ya juya ya tafi da baƙin ciki, Yesu bai riƙe masa riga ba. Allah ba ya shiga zuciya da ƙarfin tsiya. Abin da na ɗauka daga Monika guda biyu ne: ta daina rufe ƙofa, ta kuma ci gaba da addu'a ko da amsar ta zo mata a juye.

To ki ci gaba da addu'a, amma ki faɗaɗa ta. Na lura a wasiƙarki ba ki gaya mini komai game da Baba ba sai addininsa da ciwonsa. Wane irin mutum ne? Shi ne ya bari ƙanwar mahaifiyarki ta riƙe ki a gidan Kirista, abin da iyaye maza da yawa ba za su yarda da shi ba. Shi ne yake kwance yana aikowa ki zo Sallah, alhali ya san ke wace ce. Kin taɓa durƙusawa kin gode wa Allah saboda wannan kaɗai? Bulus ya ce wa Timoti a yi roƙo da addu'a da godo da godiya saboda dukan mutane, har da sarakuna (1 Timoti 2:1-4), kuma sarakunan Roma na lokacin ba masu bi ba ne. Irmiya ya rubuta wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila su nemi lafiyar birnin su yi masa addu'a (Irmiya 29:7). Ki fara da godiya, ki kira kowa da sunansa. Ki roƙa wa Baba sauƙi, ƙafar nan ta taka, harshen ya saki, ya samu barci. Ki roƙa wa matarsa ƙarfin jinya, don ita ke juya shi dare da rana. Ki roƙa wa Yaya buɗi, tunda kuɗin magani a wuyansa yake. Ƙannenki masu jarrabawa, masu neman aiki, masu neman haihuwa, kowa da buƙatarsa. A cikin haka ki roƙi Allah ya bayyana musu Almasihu ta hanyar da ya ga dama, a lokacin da ya ga dama. Wannan roƙon kada ki ji kunyarsa, kada ki cire shi, shi ne mafi girman alherin da kika sani. Sa'an nan ki roƙa wa kanki: haƙuri, da baki mai daɗi, da sanin lokacin yin shiru.

Akwai wata irin addu'a da ta yi yawa a kwanakin nan, wadda ba na so ki kai sunan mahaifinki cikinta, ta kiran wuta da rugurguza maƙiya. Baba ba maƙiyinki ba ne. Ranar da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, Yakubu da Yahaya suka nemi izinin kiran wuta daga sama, sai ya juya ya tsawata musu (Luka 9:54-55). Na san a Jos kike, garin da ya sha wuya a 2001 da 2008 da 2010, har unguwanni suka rabu, kowa ya koma cikin nasa. Irin wannan tarihi yakan shiga bakin mutum ko a gaban Allah ba tare da ya ankara ba. Amma a jihar nan ta Filato ne, a ƙauyen Nghar Yelwa da ke Barikin Ladi, a watan Yunin 2018, wani dattijon limami, Abubakar Abdullahi, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a gidansa da masallacinsa, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi miƙa su. In kina addu'a saboda Musulmin da ke rayuwarki, ki tuna akwai irin wannan alheri a cikinsu, ki gode wa Allah da ya sa shi.

Kuma ki rufa wa gidanku asiri. Ba sai kin tashi a gaban taron sujada kin kama lasifika kin ambaci sunan Baba da garinku ba, ba sai hotonsa ya zaga wayoyin mutane ba. Maganar takan koma gida a karkace, a ce 'yarsa tana yawo da shi coci-coci. Mutum ɗaya ko biyu masu riƙon amana sun ishe ki, misali mamar da ta riƙe ki, wadda ta san shi tun yana saurayi. Sauran kuma ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa, kamar yadda Ubangiji ya koya a Matiyu 6:6.

Wani abu kuma da wataƙila ba ki taɓa tsayawa kin yi tunaninsa ba: Baba ma yana yi miki addu'a. Ni ma ina da 'yan'uwa na jini masu kallon alƙibla, na san yadda abin yake. In ya idar da sallah ya ɗaga hannun da ya rage masa, sunanki yana ciki, yana roƙon Allah ya shirye ki, da irin tsoron da ke hana ki barci. Aminiyarki ma haka. Su ma a littafinsu an gaya wa Annabi Muhammadu cewa ba shi ke shiryar da wanda yake so ba, Allah ne ke shiryar da wanda ya so (Alƙasas, aya ta 56), malamansu kuma suna ruwaito cewa da mahaifiyar Asma'u 'yar Abubakar ta zo wurinta ba ta musulunta ba, an umarce ta ta sada zumunci da ita. Ban kawo wannan don in ce addinan biyu abu ɗaya suke faɗa ba. Sun sha bamban a kan ko wane ne Yesu da abin da ya faru a kan gicciye, kuma wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, su ma ba su ɗauke shi ƙarami ba. Na kawo ne don ki san cewa wanda ke gabanki mai ƙaunarki ne da ke ɗauke da kaya irin naki, kuma yana da dalili daga addininsa na riƙe ki da kyau. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin addini har da sauya shi. 'Yancin da kike so a bar miki, ki bar musu.

Yaya yana da gaskiya a batun zauren. Wuri ne na sanar da haihuwa da rasuwa da karo-karon kuɗin asibiti, ya kuma roƙe ki kafin ya cire ki. Da shi ne yake turo miki wa'azin malamai kowace asuba bayan kin ce ya bari, da kin ji zafi. Ki kira shi da murya, kada ki tura saƙo. Ki ce, “Yaya, ka yi mini magana ban ji ba, na yi kuskure, ka yafe mini. Ina so ka mayar da ni don in riƙa jin halin da Baba yake ciki.” Kada ki haɗa da “amma”. Neman gafarar nan ba musun Almasihu ba ne. Ba bangaskiyarki kika janye ba, rashin jin maganar na gaba kika janye.

Aminiyarki kuwa, ki taka ki je har gida. Maganar da kika faɗa mata, a cikin majami'a ba a jin nauyinta don mun saba da ita, amma a kunnen wanda ke waje zagi ce. Ki gaya mata kin gane kin ɓata mata rai. In ta tambaye ki ko har yanzu kina yi mata addu'a, kada ki yi ƙarya. Ki ce, “Ina yi, don ina ƙaunarki, kuma abin da na fi daraja a duniya shi nake roƙa miki. Na san ke ma kina yi mini. Amma ba zan ƙara takura miki da shi ba.” Bitrus ya ce mu zauna a shirye mu amsa wa duk wanda ya tambaye mu dalilin begen da ke cikinmu, da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15-16). Ki lura tambaya ce ke zuwa kafin amsa. Mutane kuwa sukan tambayi wanda suka ga zamansa ya ba su sha'awa, wanda ya zo ranar suna da ranar makoki, wanda ya karɓar musu aikin dare da yaro ya kwanta ciwo.

Sallah kuma, ki je. Zumunta a ƙafa take, umarnin girmama uba da uwa kuwa ba a rataya masa sharaɗin addini ba (Fitowa 20:12). Ki tafi da tsarabar yara, ki yi shigar da ba za ta sa a yi da ke ba, ki shiga madafa tare da matar Baba. Ki kai abin da Allah ya ba ki, wato aikin hannunki: ki auna masa jini, ki duba magungunansa ko yana shansu a kan ƙa'ida, ki nuna wa mutanen gida yadda ake juya shi don kada gyambon kwanciya ya kama shi, da yadda ake motsa masa hannu da ƙafa, ki sa ido kan gishiri da maiƙo a kwanon da za a kai masa, don kwanakin Sallah ne masu hawan jini suka fi sakin jiki. In lokacin sallarsa ya yi, ki ɗumama masa ruwan alwala, ki kori yara su bar surutu. Hidima ce ta 'ya ga uba, ba ta rage komai daga baftismarki.

Na san za ki tambayi naman layya, don masu bi a Arewa sun rabu a kansa. Waɗansu suna kafa hujja da 1 Korantiyawa 10:28 su ƙi ci. Ni a fahimtata Bulus yana maganar abin da aka yanka wa gumakan Koranti ne, Musulmi kuwa ba gunki suke yanka wa ba, biyayyar Ibrahim suke tunawa, kuma aya ta 27 ta ce in marar bi ya gayyace ka kana so ka je, ka ci abin da aka sa a gabanka. Ni ina ci, ina kuma aika musu shinkafa da kaza ranar Kirsimeti. In lamirinki bai kwanta ba, Romawa 14 ta ba ki dama ki bari, sai dai kada ki yi shela. Ki ci masarki da miya ki gode.

In kun keɓe da Baba, kada ki shirya wa'azi. Ki bar shi ya yi magana, tsofaffin da suka ga bakin kabari sukan so a saurare su. Ki tambaye shi labarin mahaifiyarki. Kafin ki taho kina iya cewa, “Baba, ka yarda in roƙa maka sauƙi wurin Allah, yadda muke yi, cikin sunan Yesu?” In ya yarda, ki yi gajeriya, ta neman lafiya da salama, kada ki mayar da ita huɗuba da ido a rufe. In ya ce a'a, ki ce to, ki yi taki a mota. Mai yiwuwa shi ne zai fara, ya ce yana so ya ga kin musulunta kafin ya mutu. Kada ki yi fushi, kada kuma ki yi masa alkawarin ƙarya don ki faranta masa. Ki ce, “Baba, na san ƙauna ce ta sa ka faɗa. Ni na ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, a kansa na dogara. Amma ni 'yarka ce, ba abin da zai raba ni da hidimarka.” In ya tambaye ki dalili, to ƙofar yin magana da Bulus ya ce a roƙi Allah ya buɗe ke nan (Kolosiyawa 4:3), ki faɗi abin da Almasihu ya yi miki a taƙaice, ba tare da kin taɓa abin da shi yake girmamawa ba. Ga masu karatu da gidajensu ba su da sauƙi irin na wannan baiwar Allah, inda magana ɗaya za ta iya jawo kora ko duka, ku yi shawara da dattawan ikkilisiyarku kafin ku buɗe baki. Addu'ar ɓoye ba ragwanci ba ce.

Saura abin da kika fi tsoro, kiran waya da tsakar dare. Ba zan yi miki daɗin baki ba. Na gaskata abin da Yesu ya faɗa game da kansa a Yahaya 14:6, shi ya sa nake ce miki kada ki daina addu'a. Amma ba a ba ni kujerar shari'a ba, ke ma ba a ba ki ba, kuma ba mu san abin da ke gudana tsakanin rai da Mahaliccinsa ba, ko a shekarun lafiya ko a sa'ar ƙarshe. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu, a can ya tuba, wa ya sani ko danginsa sun taɓa jin yadda ya ƙare? Ibrahim da ya tsaya yana roƙo saboda Saduma, abin da ya jingina a kai shi ne cewa Mai Shari'ar dukan duniya zai yi daidai (Farawa 18:25). Allah ya fi ki ƙaunar Baba, shi ya halicce shi, ya kuma san shi tun kafin a haife ki. In ranar ta zo, ki je, ki yi kuka, ki zauna zaman makoki tare da 'yan'uwanki, ki bar su su yi masa sutura yadda addininsa ya tanada, kada ki bari kowa ya ce miki gazawarki ce.

Rashin barcin nan ma ina so ki ɗauke shi da muhimmanci, don mai ba marasa lafiya magani ba ta aiki da kai a ɗaure. In dare ya yi, ki ambaci sunayensu sau ɗaya, ki ce, “Ubangiji, ga su a hannunka,” ki kwanta. In tsoron ya dawo, ki karanta Filibiyawa 4:6-7 a bayyane. In makonni suka wuce abin bai sake ki ba, ki gaya wa likita a wurin aikinki da matar fastonku. Ki kira Yaya cikin makon nan, tun kafin ki nemi hutun Sallah, don ya ji zuwanki daga bakinki. In jadawalin aiki ya faɗa kan ranakun, ki nemi abokiyar aiki Kirista ku yi musanya tun yanzu, don Musulmin cikinku duk hutun za su nema. Bayan kin dawo ki rubuto mini yadda jikin Baba yake. Ni ma zan sa shi a addu'a.

Mamarki